Murhun Tsaye

Wani ne a wani ƙauye kudu da Bebeji, dogo, siriri, irin mutanen nan da sai sun rusuna kafin su shiga zaure ko da ba kowa a ciki. Ba mugu ba ne, ba kuma malalaci ba. Laifinsa ɗaya ne tak: ya taɓa ganin gidan Bature.

Wata shekara ce da rani, lokacin da ake ta haƙar kuza a Riruwai, ya cika kwando da kaji, ya bi ta Tudun Wada, ya gangara Doguwa, har ya kai su gidan wani Bature. Ba a bar shi ya shiga ba. A bayan gida aka tsayar da shi, kuku yana lalube kajin ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa ya kafa ido ta taga. Tsayuwar ba ta wuce ta shan fura ba. Amma tun daga ranar mutanen ƙauyen ba su sake hutawa ba. A gona, gidan Bature. A wurin suna, gidan Bature. Har a zaman makoki an taɓa jin yana gaya wa na kusa da shi cewa su can tebur ma riga ake sa masa.

To, matarsa Asibi ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Kiru, ta sauka lafiya, namiji. Tana can tana wankan jego sai ruwan ƙarshen damina ya kwana biyu yana zuba, madafinta ya rufta. Da aka yi arba'in, gogan naka ya wanke rigarsa ya tafi ɗauko iyalinsa. Ya sami surukinsa, Malam Ubale, a ƙofar gida. Dattijo ne gajere mai farin gemu, ba ya ɗaga murya. Gogan naka ya tsuguna nesa da shi ya kwashi gaisuwa.

Malam Ubale ya ce, "Na ji an ce madafi ya faɗi."

"Ya ɗan zauna dai, Baba."

"To, yarinya da ɗanyen goyo ba ta girki a rana. Je ka gyara. Juma'a ta sama zan kawo ta da kaina, ni da goggonta Tani. In Tani ta duba ta ce ya yi, a bar maka iyalinka. In ta ce bai yi ba, jakin da ya kawo su shi zai mayar da su."

Gogan naka ya taso zuciyarsa fes. Gaskiya yana son Asibi. Wata biyar ke nan gidan ya yi masa faɗi, ba wanda yake yi masa sannu da zuwa sai akuya, kuma ɗan nasa ma sau biyu kacal ya gan shi. Amma ba wannan ne kaɗai ya sa yake ta murmushi a hanya ba. Abin nema ne ya samu. Shekara uku yana ba da labari ana yi masa dariya, yanzu gani zai kori ji.

Dikko magini, abokinsa tun na ƙuruciya, ya zo da safe ya duba kangon. Ya ce, "Wannan ai ba aiki ba ne. Sayi goro, a yi gayya, kwana uku mun gama."

"Irin wanne za ka yi mini?"

"Irin na kowa mana. Bango, jinka, duwatsu uku."

"Ka ji matsalarku! Tun kakan kakanku duwatsu uku, duwatsu uku. Dikko, ka taɓa ganin kicin?"

"Ban taɓa ba."

"To ni na gani. Koma gefe."

Dikko ya karkaɗe hularsa ya koma gefe, ya sami inuwa ya zauna. Ya ce wannan kallo ba zai wuce shi ba.

Bango dai ya tashi, ba laifi, ya kuma ɗora jinka sabuwa. Daga nan ne fa aka shiga ilmi. A gidan Bature ya ga kuku a tsaye yake girki, ba tsuguno, ba 'yar kujera. Saboda haka ya kwaɓa ƙasa ya soma gina murhu. Ya gina, ya tsaya kusa da shi ya gwada, ya ƙara. Ya sake gwadawa, ya sake ƙarawa. Bai tsaya ba sai da murhu ya kawo masa ƙirji. Da kansa ya yi awo, bai tuna Asibi iyakarta hammatarsa ba.

Maijidda, tsohuwar da ke maƙwabtaka da su, wadda ke miƙo masa tuwo ta kan danga tun tafiyar Asibi, ta leƙo.

"Sannu da aiki. Rumbu kake yi a cikin ɗaki?"

"Murhu ne, Iya."

"Murhu? Wa zai tuƙa tuwo a can sama, raƙumi?"

"A tsaye ake yi yanzu."

"Ɗan nan, tuwo da ƙafa ake tuƙa shi, ba da hannu kaɗai ba. In ba ka zauna ka tokare tukunya ba, ita ce za ta tuƙa ka."

"Iya, kin taɓa ganin kicin?"

"Ban taɓa ba. Amma na ga tuwo."

Ko a jikinsa. Ya wuce ga maganar hayaƙi. Ya tuna a gidan Bature hayaƙi ba ya yawo a ɗaki, hanyarsa daban, wani dogon abu ne ya huda rufi ya fita. Ya duba gidan kaf bai ga dogon abu ba. Sai idonsa ya faɗa kan tulunan Asibi guda huɗu da randarta. Ya ɗauko dutse ya ɓula gindin kowanne a hankali, cikin ladabi, ya ɗora wani kan wani, randa a ƙasa, tuluna a sama, ya liƙe da ƙasa, har na ƙarshe ya leƙa waje ta cikin jinka. Da farko ya so ya kafa shi a kan murhu, sai ya ga zai tare haske. Ya mayar da shi can kusurwar gabas, inda ya fi kyan gani daga bakin ƙofa.

Dikko daga inuwa ya ce, "Yaya hayaƙin zai san can za shi?"

"Hayaƙi ba wawa ba ne. In ya ga hanya zai bi."

Sai bango. Ya je bakin rafi ya haƙo farar ƙasa ya shafe ciki tas, har ƙasan ɗakin, har muciya. Ya tsaya yana kallo, ya ji har yanzu da saura. Can ya tuna: faranti! A gidan Bature faranti a jikin bango suke, sahu-sahu, suna walƙiya. Ya shiga ɗakin Asibi ya sauko da jerenta gaba ɗaya, tasoshi da kwanukan sha masu fure, kayan da uwarta ta yi shekaru tana tara mata. Ya yaɓa ɗanyar ƙasa a bango, ya riƙa danna su ciki ɗaya bayan ɗaya. Da suka ƙare aka sami ɗan gibi a sama, ya cike da akushinsa na cin tuwo. Aka sake samun gibi, ya cike da mara da ludayi. Rana ta yi kwana biyar tana dukan bangon, ƙasa ta kama su kam.

Saura wurin cin abinci. Ya kafa rumfa ta zana manne da madafin, ya gina tebur na ƙasa a tsakiya, faɗinsa ya isa a shanya barkonon gida uku. Ya gina kujeru biyu, ɗaya tana kallon ɗaya, su ma da awon ƙafafunsa. Ana jibi baƙi za su zo ya gama su, cikinsu ko bushewa bai yi ba. Abin da ya dame shi shi ne ƙyalli, don teburin Bature har fuskarka kake gani a ciki. Ranar Juma'a da sassafe ya dafa ƙaro tukunya guda, ya gauraya da makuba, ya malale tebur da kujeru. Suka ɗauki sheƙi kuwa, ba a magana. Ya ɗauko zanen saƙi na Asibi, wanda take ajiya don sallah, ya sa wa tebur riga. Furanni ne bai samu ba, sai ya tsinko furen kabewa ya soka a kwalbar man gyaɗa ya dasa a tsakiya.

Ya ja da baya ya duba. Har ƙwalla ta zo masa don daɗi.

Da hantsi sai ga su. Asibi a kan jaki, Malam Ubale cikin farar babbar riga yana gaba, Goggo Tani a baya da jaririn a goye. Goggo Tani ƙanwar Malam ce, ta fi shi gajarta, ta kuma fi shi baki nesa ba kusa ba. Aka gaisa. Asibi ta saci kallon mijinta ta sunkuyar da kai tana murmushi, shi kuwa bakinsa har kunne.

Goggo Tani ta ce, "Ina madafin?"

Ya yaye asabari da hannu biyu. Goggo ta sa kai, ta tsaya. Asibi ta leƙo ta bayanta, ta ga bango, ta dafe ƙirji.

"Wayyo, jerena!"

"Ai ga shi nan, ko ɗaya bai ɓata ba. Yanzu kowa ya shigo zai gani."

Goggo ta sa farce ta ja wata tasa. Ko motsi. Ta sa hannu biyu ta tokare bango da ƙafa. Ko gezau. Ta juyo ta dube shi daga sama har ƙasa, abin da ya ɗauke ta lokaci.

"Wancan tsibin fa, kabarin wa?"

"Murhu ne, Goggo. A tsaye ake girki, baya ba ya ciwo."

"Wannan kuma da ya huda rufi?"

"Hanyar hayaƙi."

Asibi ta matsa ta shafa abin, ta gane zanen da ke wuyan randarta. Ta ce wa mijinta, "Malam, ruwa fa? A me zan zuba?"

Gogan naka ya sosa ƙeya. Gaskiya a gidan Bature bai ga inda ruwa yake ba.

Asibi ta ga Goggo ta fara gyara goyo irin na mai shirin tafiya, ta yi maza ta tare ta, don ita ma gidanta take so. Ta ce, "Goggo, a dai gwada. Wa ya sani, ko ya yi."

"To, a gwada. Kada a ce Tani ta yanke hukunci ba ta ga tuwo ba."

Maijidda ta miƙo tulun ruwa da ƙwaryar gari ta kan danga, ta kuma ƙi komawa, ta kafa haɓa a nan. Aka hura wuta a can sama. Asibi ta miƙa hannu, ba ta ko ganin bakin tukunya. Gogan naka ya ce wannan mai sauƙi ne, ya kifa turmi ya ɗora ta a kai. Ta yi talge tana rawa a kan turmi, kanta yana gogar jinka. Hayaƙi kuwa ya tashi, ya zaga ɗaki, ya shiga idon kowa, ya bi farin bango yana shafa masa baƙi, bai ko kalli kusurwar gabas ba.

Gogan naka ya ce, "Baƙunta ce, zai saba. Bari in zaunar da Baba."

Ya sami Malam Ubale a tsaye a tsakar gida yana neman tabarma.

"Baba, bismilla, ga wuri."

"Miƙo mini buzu dai."

"Ai an daina, Baba. Nan za a zauna."

Dattijo ba ya son musu a gidan suruki. Ya tattare riga, ya dafa, ya yi tsalle ɗaya ya hau kujera. Ƙafafunsa suka tsaya a iska suna lilo, takalmi ɗaya ya faɗi. Tebur ya kawo masa gemu. Ya ji wani sanyi-sanyi yana ratsa wandonsa, amma ya daure, ya ciro carbi. Yana cikin ja sai ya ga surukin nasa ya zagaya ya hau ɗaya kujerar, ya zauna daram, ya zuba masa ido ta gefen furen kabewa.

"Me kake yi?"

"Jiran tuwo, Baba. Tare za mu ci. Haka ake yi, fuska da fuska, ana ci ana hira."

"Ni da kai?"

"Da Goggo da Asibi ma, in na ƙara kujeru."

"A'uzu billahi! Ni in buɗe baki in sa loma surukina yana kallon haƙorana?"

Malam Ubale, wanda ba a taɓa jin muryarsa a waje ba, ranar har bakin rafi an ji shi. Ya yunƙura zai tashi. Bai tashi ba. Ya sake yunƙurawa, kujera ta ce ba inda za ka. Ƙaro ya kama riga, riga ta kama wando, ɗanyar ƙasa kuma ta lotsa ta yi masa mazauni daidai jikinsa.

"Kai! Me ka shafa a nan?"

"Ƙyalli ne, Baba."

Kafin ya ƙara wata magana sai ga muryar Asibi daga ciki. "Malam! Tukunya tana bina!"

Gogan naka ya fizge, ya bar bayan rigarsa a kujera, ya ruga. Ya tarar an zuba gari, tuwo ya yi ƙarfi. Asibi ta kama muciya da hannu biyu, in ta juya dama tukunya ta bi ta dama, in ta juya hagu tukunya ta bi ta hagu, turmi kuma yana nasa juyin a ƙasa. Ba ƙafar da za ta tokare, ƙafafun suna can suna neman tsira. Goggo Tani ta fita da jariri saboda hayaƙi, tana bakin ƙofa tana tari.

Maijidda daga kan danga ta ce, "Ban gaya maka ba? Ga ta nan tana tuƙa ta!"

"Hayaƙin nan ne ya hana ta gani. Bari in nuna masa hanya."

Ya zari faifai ya shiga fifita da iyakar ƙarfinsa wajen kusurwar gabas. "Ta nan! Kai, ta nan! Ga ƙofa can!" Hayaƙi bai ji ba, amma wuta ta ji. Tsakaninta da jinka dama bai fi kamu ɗaya ba. Ta miƙe sau ɗaya ta lashi sabuwar ciyawa, sai ji kake bal!

Asibi ta yi tsalle daga kan turmi da muciya a hannu. Tukunya ta biyo ta, ta faɗo ƙasa ta tarwatse, tuwo ya zauna a farar ƙasa shi kaɗai, malmala guda. Gogan naka ya sure matarsa ya yi waje da ita.

"Gobara! Jama'a, gobara! A kawo ruwa!"

"A me?" in ji Goggo Tani. "Tulunan suna sama suna jiran hayaƙi!"

Maƙwabta suka fito da tuluna da ƙorai. Ana ta watsa ruwa, ana ta salati, sai aka ji wata murya daga cikin rumfa tana kiran sunan Allah ɗaya bayan ɗaya. An manta da Malam Ubale. Tartsatsi ya fara sauka kan zana, dattijo yana ta harba ƙafafu a iska, kujera ta riƙe amana. Dikko magini ya shiga da gudu ya kama hannu ya ja. Ba ta saki ba. Mutum biyu suka ƙaru, ba ta saki ba. Dikko ya ce, "Malam, a yi haƙuri, sai dai a bar mata rigar." Suka zare shi ta wuyan riga kamar ana zare gyaɗa daga ɓawo. Wando ma ya ba da rabinsa. Aka rarumi zanen tebur a rufa masa asiri, ashe shi ma ya kama. Da buhun gyaɗa aka fito da dattijo.

Allah ya taƙaita, ba wanda ya ƙone, jariri ma barcinsa yake yi. Jinka ta tafi, rumfa ta tafi. Tuluna suka zube ɗaya bayan ɗaya. Kwanukan Asibi suna nan a bango, sahu-sahu, baƙi ƙirin. Akuya ta zo ta cinye furen kabewa, ta wuce wurin tuwo.

Malam Ubale ya zauna a kan tabarmar Maijidda, a ƙasa, buhu a ƙugu, yana mayar da numfashi. Gogan naka ya shiga kangon, ya zaga murhu, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa. Ya ji ya yi ƙara ƙwal-ƙwal, wuta ta gasa shi. Sai fuskarsa ta washe. Ya dawo ya tsuguna gaban Goggo Tani.

"Goggo, kin dai gani da idonki. Ko tsagewa bai yi ba. Rufi ne kawai matsalar, shi kuwa Bature rufin kwano ne da shi. Amma tsarin, wallahi, ko kuskure babu. Haka nasa yake sak. A bar mini Asibi, kwana uku na mayar da komai yadda yake."

Asibi ta dubi Goggo, ta dubi bango, ta rufe fuska da mayafi.

Goggo Tani ta gyara goyo. Ta yi magana a hankali, har da ɗan tausayi a muryarta.

"Ɗan nan, in tambaye ka. Shi Baturen nan naka, da ka leƙa, ka ga matarsa a madafin?"

"A'a, Goggo. Namiji ne ke girki."

"To ina matar?"

"Kuku ya ce sau ɗaya ta taɓa zuwa. Ta kwana biyu ta koma ƙasarsu."

"Allah sarki, ashe ita ma an nuna mata! Asibi, hau jaki, mu ma ƙasarmu za mu."